Waiwaye: Kankaren da Aka Zuba Jiya

Willow Island wani ɗan ƙauye ne a gaɓar kogin Ohio, cikin jihar Virginia ta Yamma a Amurka. Da ba mai jin sunansa a wajen yankin, in ba don abin da ya auku can ranar Alhamis, 27 ga Afrilu, 1978 ba. A lokacin ana gina tashar wutar lantarki mai ƙona kwal, wadda aka raɗa wa suna Pleasants. Irin wannan tasha takan buƙaci hasumiyar sanyaya ruwa, wato wani ƙaton gini na kankare mai faɗin gindi da tsukakken ƙugu, ba komai a cikinsa, tururi na fita ta bakinsa. An kammala ta farko, ana kan ta biyu. An tsara tsayinta zai kai mita 131, a ranar kuwa ta kai wajen mita 51.

Yadda ake hawa da ginin shi ne abin lura. Ba daga ƙasa aka kafa dandamalin da ma'aikata ke tsayawa a kai ba. Kamfanin Research-Cottrell da ya karɓi kwangilar yana da tasa dabarar: dandamalin da allunan zubi duka a jikin bangon hasumiyar ake ɗaure su da noti. Kullum sai a zuba zobe guda na kankare mai tsayin mita ɗaya da rabi kewaye da bakin ginin, a tashi aiki. Washegari a kwance alluna, a ɗaga dandamalin sama, a ɗaure, a zuba wani zoben. Hatta ƙarafan da ke jawo bokitin kankare daga ƙasa, a kan wannan bangon nauyinsu yake sauka. Mutum da kayan aikinsa da kankaren yau, duk abin da aka zuba jiya da shekaranjiya ne ke riƙe da su.

An gina hasumiyoyi da dama da wannan dabara lafiya lau, ciki har da ta farkon da ke tsaye a gefe kowa na kallonta. To wa zai yi shakka?

Ranar Laraba aka zuba zobe na 28. Daren ya zo da sanyi sosai, ma'aunin zafi ya sauka kusa da inda ruwa ke daskarewa. Da safe aka ɗaga dandamali kamar kullum. Jim kaɗan bayan ƙarfe goma, ana cikin jawo bokiti na uku na ranar, sai igiyar ƙarfen ta saki, abin jan ya karkato cikin hasumiyar, zoben jiya ya fara ɓallewa daga jikin ginin. Daga wuri guda ya soma, ya bi bakin hasumiyar ta dama da hagu kamar ana warware rawani, yana tafiya da dandamali da alluna da mutane zuwa cikin ramin. Mutum 51 ne a sama. Ba wanda ya tsira.

Abokan aikinsu da ke ƙasa ne suka fara tono. Aka mai da ofishin 'yan kwana-kwana na garin Belmont wurin ajiye gawa, wasu ma sai da abin da ke cikin aljihunsu aka gane su. Wani gida guda ya rasa kusan mutum goma, ciki har da 'ya'ya huɗu na uba ɗaya. Wannan ba zai ba mai karatu na nan mamaki ba. Aikin gini a ko'ina haka yake tafiya, wa ya kawo ƙane, kawu ya kawo ɗan 'yar'uwa, shi ya sa in gini ya faɗi sai ka tarar da zaman makoki uku a lungu ɗaya.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta nemi hukumar ma'aunai ta ƙasar ta yi bincike. Abin da aka gano ba wani abin ɓoye ba ne. Kankaren zobe na 28 bai kai cikakken kwana guda ba aka ɗora masa nauyi, kuma ƙarfin da ya samu cikin wannan sanyin bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba. Akwai wasu laifuffukan: notina da ba a ɗaura ba, tsani ɗaya tak na sauka, da gyare-gyaren da aka yi wa abin jan bokiti ba tare da injiniya ya sake lissafi ba. Amma uwar matsalar ita ce ba wanda ya gwada ƙarfin kankaren kafin a ce wa mutane su hau. Jadawali ya ce zobe ɗaya kowace rana, gari ya waye, sai aka hau. A ƙarshe tarar da aka daidaita a kai dala 85,500 ce. In ka raba da 51, kowane rai ya tashi a ƙasa da dala 1,700. Ba a ɗaure kowa ba.

Magina a ko'ina sukan dubi kankare da ido, su ƙwanƙwasa da guduma, su ce ya yi. Ido kuwa bai isa ba. Siminti in ya gamu da ruwa, wani haɗi ne ke gudana tsakaninsu sannu a hankali, wanda ke ɗinke yashi da tsakuwa su zama dutse guda. Haɗin nan yana son damshi, yana son ɗumi, yana kuma son lokaci. Dalilin da ya sa ake ba sabon dekin ruwa safe da yamma ke nan. Injiniyoyi sun ɗauki kwana 28 a matsayin ma'auni. A kwana 7, in yanayi ya yi daidai, kankare kan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. In sanyi ya tsananta sai haɗin ya yi ta jan ƙafa. Fuska ta yi tauri, ciki kuwa ɗanye sharaf. Kankaren da ya kwana cikin ɗumi da wanda ya kwana cikin sanyi, da safe kamarsu ɗaya, amma ɗaya zai ɗauki mutum, ɗaya ba zai ɗauka ba.

Kuma ba a ce ba a sani ba. Shekara biyar kafin nan, ranar 2 ga Maris, 1973, wani dogon bene da ake ginawa a Bailey's Crossroads cikin jihar Virginia ya rufta daga can sama, hawa na bin hawa har ƙasa, mutum 14 suka mutu. Dalili: an cire tokarai daga ƙarƙashin sabon dekin kafin ya yi ƙwari. Hukumar ma'aunan nan dai ita ta binciki wancan ma. Duk da haka sai a 1988, shekara goma bayan Willow Island, OSHA ta fitar da sabbin ƙa'idojin aikin kankare, waɗanda suka ce ba a kwance alluna ko tokari sai mai aikin ya tabbatar cewa kankaren zai iya ɗaukar kansa da abin da za a ɗora masa.

Sai kuma ranar 24 ga Nuwamba, 2016, a birnin Fengcheng na lardin Jiangxi a ƙasar Sin. Tashar wuta mai ƙona kwal, hasumiyar sanyaya ruwa, dandamali a maƙale a jikin bango, sanyi ya shigo, ana ta sauri don a cim ma wa'adin da aka gajarta. Aka kwance alluna kankare bai ƙosa ba. Mutum fiye da 70 suka mutu a safiya ɗaya. Shekara 38 tsakani, rahoton Willow Island na nan a rubuce kowa na iya karantawa. Ban yarda jahilci ne ba. Waɗanda ke gina hasumiya mai tsayin mita fiye da ɗari sun fi ni da kai sanin halin siminti. Abin da ke faruwa shi ne wanda ke cewa a kwance, ba shi ne ke tsaye a kai ba, kuma jiya ya ce a kwance an kwana lafiya.

Mu a nan ba hasumiya muke ginawa ba, amma duk bene mai hawa ɗaya da ake ɗorawa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, tambayar ko kankaren ya ƙosa tana kansa.

Ranar zuba dekin rana ce ta musamman. Tun da sassafe injin kwaɓa ke ruri. Leburori sun jeru, kwanon sarki a ka, suna hawa gangaren katakon da aka kakkafa wa 'yan sanduna don ƙafa ta sami wurin kamawa, masu saukowa suna ratsa masu hawa. Ba a tsayawa sai an gama, domin in an tsaya zubin zai rabu biyu. Ƙarƙashinsu kuwa gora ce birjik tana tokare da alluna. Ka sunkuya ka duba da kyau. Wata an yi mata ƙari da ƙusa biyu don ba ta kai tsawo ba. Wata an ɗora gindinta a kan rabin bulo, bulon kuma a kan ƙasar ciko da ba a daɓe ba. Ruwan siminti na ɗiga daga sama, ƙasar na jiƙewa, bulon na nutsewa kaɗan-kaɗan, nauyin da gorar nan ta sauke kuma sai ya koma kan maƙwabciyarta.

Mutane ba su cika lissafa nauyin abin ba. Kankare mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya yana kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15, kowace murabba'in mita tana da kilo 360. Ɗaki guda mai mita huɗu-huɗu, kusan tan shida ke nan a bisa kai, daidai da buhun siminti 115, ban da mutanen da ke zirga-zirga a kai. Wannan ne gorar da aka yi wa ƙari take riƙe da shi.

A ranar ma kankaren da kansa ake ragewa ƙarfi. Awon da aka saba ji shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. In rana ta take, kwaɓi ya yi kauri yana wahalar ɗiba, sai ka ji ana cewa a ƙara ruwa. In siminti ya kusa ƙarewa aiki bai kusa ba, sai a ƙara yashi. Duk ruwan da ya wuce ƙima rauni ne da za a zauna da shi har abada. Namu yanayin kuma ya juya matsalar Willow Island ne kawai: can sanyi ya hana haɗin tafiya, nan rana da iskar hunturu ke shanye ruwan kafin haɗin ya gama aikinsa. In tankar ruwa ta yi tsada aka daina ban-ruwa a kwana na biyu, dekin zai yi fari fat ya yi kyan gani, ƙarfin da ya rasa kuwa ya rasa.

Akwai kuma ciwon da ba ya shiga labarai. Ɗanyen siminti yana cin fata, kuma ba ya zafi a farko. Lebura zai naɗe ƙafarsa da tsohon buhun siminti da leda, ko ya sa takalmin roba kwaɓi ya zuba ciki, ya yini a haka. Sai dare ya kwance ya ga fatar idon sawu ta saluɓe. Maganinsa na farko ruwa ne mai tsabta da yawa, nan take, a daɗe ana zubawa, haka ma in ya fantsama a ido. Shafa baƙin mai da wasu ke yi ba abin da yake tsinanawa. Hannun tsohon birkila da ke tsattsagewa shekara da shekaru, sau da yawa sinadarin kuromiyam da ke cikin siminti ne sanadi. Ƙasar Denmak ta fara tilasta rage kaifinsa tun farkon shekarun 1980, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2005. Ƙurar da ke tashi in ana yankan kankare da inji kuwa huhu take shiga ta zauna, ta zo da tarin da akan ɗauka tarin fuka ne. Gwangwanin madarar da ake saya wa yara bayan sauke tirelar siminti wai don ya wanke ƙirji, alheri ne, amma madara ciki take tafiya, ƙura kuwa tana huhu. Jiƙa wurin yankan da ruwa ya fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Bayan kwana biyar ko shida da zubi sai kafinta ya sami mai gini.

"Alhaji, katakon nan fa na haya ne, ga shi wani aikin na jirana. A ba ni dama in kwance."

"Ai ni ma so nake a fara hawa da bulo, Malam. Ka duba kuwa? Ya yi?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Ko mota ka hau da ita ba abin da zai same shi."

Kowannensu yana da gaskiyarsa. Kafinta yana biyan haya kullum, Alhaji yana gudun kada kuɗin siminti ya sake tashi kafin ya rufa. Amma duba wanda zai shiga ƙarƙashi da guduma ya riƙa bugun gorar nan ɗaya bayan ɗaya: yaron kafinta ne, wanda ba a tambaye shi ba, wanda in ya ce yana tsoro za a yi masa dariya a kira wani. Gefen ginshiƙi ana iya kwance shi bayan kwana ɗaya ko biyu, domin ba ya ɗauke da nauyi. Tokarin ƙarƙashin dekin da bim kuwa, abin da injiniyoyi ke cewa shi ne mako biyu zuwa uku, ko fiye in wurin yana da faɗi. Tsoffin magina da ke cewa kwana 21 ba camfi suke yi ba. Mafi muni shi ne a haɗa biyun, a zare tokari a ƙasa a kuma jibge bulo da yashi a sama wuri guda.

In abin ya faru mukan ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Babu musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara. Sai dai na lura maganar ta fi saurin fitowa daga bakin wanda ya ba da umarnin, tun kafin iyalan mamacin su buɗe nasu bakin, kuma da an faɗe ta bincike ya mutu.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard, unguwar Ikoyi a Legas, ya zube ƙasa da rana tsaka. Mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin kansa, wanda ba kasafai hakan ke faruwa ba. Galibinsu dai ma'aikata ne masu neman na abinci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙar da ta fito bayan nan. Tun a watan Fabrairun 2020 kamfanin injiniyoyin da ke lura da ƙarfin ginin ya janye hannunsa a rubuce, cikin dalilansa har da cewa ba ya da sakamakon gwajin kankaren da ake zubawa. Aka ci gaba da hawa ba su. A Kano ma, cikin Agustan 2022, bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, tsakiyar kasuwar waya, a kan mutanen da ba ruwansu da ginin.

Doka dai akwai ta. Tun 2010 Najeriya ke da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, inda mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF. Amma leburan da aka ɗauko a bakin titi da shebur ɗinsa, aka sallame shi da yamma, sunansa ba ya cikin littafin kowa. In ƙafarsa ta karye, abin da zai samu kuɗin mai ɗori ne da "Allah ya kiyaye gaba". Tunda rauninsa ba ya cin aljihun kowa, ba ya shiga lissafin kwangila, alhali hayar katako na mako biyu tana shiga.

Gwajin da ake ta magana a kai ba wani abu ba ne mai wuya. 'Yan akwatuna ne na ƙarfe, santimita 15 kowane gefe. Ranar zubi sai a ɗebi kwaɓin da ake hawa da shi, ba wani na musamman da aka yi don injiniya ya gani ba, a cika su, a daddanna. Bayan kwana 7 da kwana 28 a kai ɗakin gwaji a matse su da inji har su fashe, injin ya nuna ƙarfin da suka jure. Sassan koyar da aikin injiniyan gine-gine a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha suna da wannan inji. Abu ɗaya ne mutane ke kuskurewa, kuma shi ne aka kama masu aikin Willow Island da sakaci a kansa: samfurin da za a yi hukuncin kwance tokari da shi, a gefen dekin ya kamata ya zauna, ya sha ranar da dekin ya sha, ya kwana cikin sanyin da ya kwana, a ba shi ruwa lokacin da aka ba dekin. Wanda aka ajiye cikin tankin ruwa a inuwar ɗakin gwaji labarin kansa kawai zai ba ka.

Na san mai ɗora ɗaki biyu a saman shagonsa ba lalle ya je jami'a da akwatin kankare ba. Shi nasa ya fi sauƙi. Tun ranar da yake cinikin aiki da kafinta, ya sa hayar katako ta mako uku cikin kuɗin, don kada a zo ana roƙonsa a kwana na shida. Ya sayi ruwan ban-ruwa tare da siminti, ba bayan kuɗi sun ƙare ba. Ranar zubi kuma, kafin kankare ya kama, a sa ƙusa a rubuta kwanan wata a kusurwar dekin inda kowa zai gani, har da yaron da za a tura ƙarƙashi.